Saiwa Da Mai Juna Biyu: Ina Shaida?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, kowa ya ji ta har kunne ya saba. Mai magani zai girke motarsa a bakin kasuwa, ya ɗaura lasifika, ya jera kwalabe da ƙulle-ƙulle, ya yi ta lissafa cututtukan da maganinsa ke kashewa, tun daga basir har shawara. In wata ta matso ta ce, "Malam, mai ciki tana iya sha?" sai ya ce, "Haba baiwar Allah, ai wannan itace ne zalla, ba sinadarin Bature a ciki. Ko jinjiri ya sha." To, wannan magana ita na ke so mu zaunar mu tuhuma, domin ƙarya ce, ko da mai faɗinta bai san ƙarya ya ke yi ba. Kuma ƙarya ce wadda in ta tashi karɓar bashinta rai biyu ta ke nema.

Kada wani ya zaci na zo rushe maganin gargajiya ne. Wanda ya ce babu magani cikin itatuwa bai san abin da ya ke faɗi ba, gama kwinin da likitoci suka yi shekaru suna yaƙar zazzaɓin cizon sauro da shi daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu aka samo shi. Abin da na ke cewa shi ne, tun da akwai ƙarfi cikin itace, lalle a ji tsoronsa. Abin da ya iya kashe cuta cikin jikin ƙaton mutum, don me za a ce ba ya iya taɓa ɗan tayin da bai kai ƙwayar wake ba?

Wai itace ne zalla! Dafin kibiyar da kakanninmu suka yi yaƙi da farauta da shi, a kantin wane Bature suka saye shi? Ba 'ya'yan kwankwani suka dafa ba? Zaƙami da ke haukata samari, ba a bayan gari ya ke tsirowa ba? Nonon tinya fa, wa ke yarda ya ɗiga masa a ido? Duk itace ne zalla. Wannan hujja ba ta cancanci a ɓata mata takarda ba, bari mu wuce ga wadda ta fi ta nauyi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce wadda dattawa kan kawo. Su kan ce, "Iyayenmu sun sha, kakanninmu sun sha, ga mu nan an haife mu lafiya. Da yana kisa, da an daɗe da sani." Wannan magana ce ta masu hankali, kuma akwai gaskiya cikinta. Gubar da ke kayar da mutum nan take, lalle mutanen da sun gane ta, sun kuma gargaɗe mu. Amma ɓarnar da a ke yi wa ciki ba irin wannan ba ce. Uwa za ta sha jiƙonta cikin wata na biyu, ta tashi garau, ta daka, ta ɗebo ruwa, ba ko ciwon kai. Sai bayan wata bakwai a haifi yaro da tsagaggen leɓe, ko da rami a zuciya, ko a haife shi ba rai. Wa zai koma ya tuna da wata ƙwaryar tsimi da aka sha tun kaka, ga shi yanzu damina ta faɗi? Sai a ce iska ce ta shafe ta, ko ta yi wanka da magariba, ko kishiya ce ta yi mata asiri. Saiwar kuwa tana nan rataye a ɗaki, ba wanda ya ko dube ta.

Har wa yau akwai wani abu da ke rufe ido. Ko mace ba ta sha kome ba, cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, tsakanin 10 da 20 kan zube da kansu, kuma cikin jarirai 100 a kan sami 2 ko 3 da wata naƙasa ta haihuwa. To, a misali, ga ungozoma mai karɓar haihuwa 50 a shekara, ga kuma wani ganye da ke ƙara naƙasa daga 3 zuwa 5 cikin 100. Abin da za ta gani shi ne ƙarin yaro ɗaya tak a shekara. Kome kaifin basirarta, yaya za ta rarrabe wannan ɗaya daga sauran? Ba ta da laifi. Abin ya fi ƙarfin idon mutum guda, sai an tara dubbai an ƙidaya.

Ga labarin da zai fahimtar da duk wanda ya taɓa kiwo. A jihar Aidaho ta ƙasar Amurka, cikin shekarun 1950, makiyaya suka rasa gane kan tumakinsu. Tunkiya lafiyayya sai ta haifi ɗa mai ido ɗaya tal a tsakiyar goshi. A wasu garkuna abin ya kai ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan da aka haifa. Waɗansu tumakin ma sai ciki ya wuce watanninsa biyar, haihuwa ta ƙi zuwa. Makiyayan nan ba baƙin tumaki ba ne, a cikinsu suka tashi, amma da yawansu sun ɗauka mugun iri ne ya shiga garke. Ma'aikatan gona na gwamnatin ƙasar suka shiga bincike, suka bi garkuna kan duwatsu, suka auna ruwa, suka auna ƙasa, suka tattara ciyayi, sai da suka shafe fiye da shekara 10 kafin su kai ƙarshen zance a 1968. Ashe wata ciyawa ce mai faɗin ganye, wadda masana ke kira beratiram. Kuma abin mamaki, sai tunkiya ta ci ta wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki sa'an nan ɗanta ke fita da ido ɗaya, domin a daidai wannan lokaci ne a ke tsaga fuskar ɗan tayi gida biyu. Ku duba fa, ɗaya cikin huɗu, naƙasar da makaho ma zai shafa ya gane, ga makiyayi yana tare da dabbarsa dare da rana, duk da haka ba a kama ɓarawon ba sai da aka kai shi ɗakin gwaji. Ina ga ganyen da ɓarnarsa ba ta kai haka fitowa fili ba?

Daɗa ma, wane kaka a ke nufi? Darbejiyar da a ke dafawa yau don zazzaɓi asalinta ƙasar Indiya ne, zamanin mulkin Turawa aka kawo ta ƙasar nan. Kuma abin da kaka ta sha ba shi ne abin da ke cikin kwalbar mai lasifika ba. Ita ta san bishiyar, ta san gefen da a ke sassaƙa, ta jiƙa ɗan kaɗan cikin kasko. Shi kuwa ya haɗa iri goma, ya tafasa har ya yi kauri, ya zuba a jarka, ba wanda ya san abin da ke ciki sai shi, wani lokaci ma ko shi sari ya yi. Ƙarfin ganye kansa ba ɗaya ba ne kullum. Na rani daban da na damina, na fadama daban da na tudu, saiwa daban da ɓawo. Wanda ya ce a sha "kofi ɗaya" bai faɗi kome ba, tun da ba a san abin da kofin ya ɗauka ba.

Su ma Turawa ba da hankali suka koyi wannan karatu ba, da kuka suka koye shi. A 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fitar da wata ƙwaya mai suna talidomaid, ta sa barci, ta kuma kwantar da laulayin ciki. Aka yi ta yabonta, aka ce ko an sha da yawa ba ta kisa, har a Jamus a kan saye ta ba tare da takardar likita ba. Kafin a janye ta a ƙarshen 1961, an haifi yara wajen 10,000 a ƙasashe fiye da 40 da mummunar naƙasa, da yawa ba hannu ba ƙafa, sai 'yan yatsu manne a kafaɗa. Da aka bi diddigi sai aka tarar ɓarnar duk tana aukuwa ne tsakanin kwana na 20 da na 36 bayan shigar ciki, watau lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. A Amurka wata likita mai aikin tantance magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da ƙwayar, kamfani ya matsa mata lamba, ta ce sai an kawo mata shaida. Ita kuwa tun a shekarun 1940 ta yi bincike kan kwinin a jikin zomaye masu ciki, ta ga da idonta magani yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Taurin kan mace ɗaya ya tsirar da yaran da ba a san adadinsu ba.

Na san wani zai ce, "To ka gani, maganin Bature ne ya yi wannan aika-aika." Haka ne, ban musa ba. Amma me aka yi bayan nan? Tun daga 1962 aka shiga tsaurara dokoki, har ya zama ba a yarda da sabon magani sai an gwada shi kan dabbobi masu ciki. Kuma aka ce iri biyu, domin an ga ɓeraye sun sha talidomaid 'ya'yansu ba su nuna irin waccan naƙasa ba, sai da aka ba zomaye sa'an nan ta bayyana. Su sun ƙone, sun ja hannu daga wuta. Mu kuma sai mu ce tun da wutar tasu ce ta ƙone su, tamu ba ta ƙuna?

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi kusa da gida, watau maganin naƙuda da maganin zaƙi da a ke ɗura wa mata in ciki ya tsufa. Ba na raina tsoron da ke sa mata shan su. Doguwar naƙuda ba wasa ba ce, ita ke barin 'yan mata da yoyon fitsari, kuma bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020 kaɗai. Wadda ta ga an fita da gawar 'yar'uwarta, in aka miƙa mata ƙwarya aka ce wannan zai sauƙaƙa, ai sha za ta yi. Kuma abin tsoron shi ne, waɗansu magungunan nan suna aiki da gaske. A 1960 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Lorents Gran, yana aikin agaji a Kwango, ya lura naƙudar matan wurin tana zuwa da ƙarfin da ya wuce kima. Da ya bincika sai ya tarar suna kurɓar ruwan wani dafaffen ganye da su ke kira kalata-kalata. Bai yi musu dariya ba. Ya nemi ganyen, ya yi shekaru yana aiki a kansa, har a farkon shekarun 1970 ya ware abin da ke cikinsa, ya nuna lalle yana matse mahaifa, kuma tafasa ba ta kashe ƙarfinsa.

To, mene ne aibin matse mahaifa, tun da haihuwa a ke nema? Ga shi. Duk sa'ad da mahaifa ta murɗa, jinin da ke kai wa yaro iska ta mabiyiya yana raguwa, sai ta saki sa'an nan ya samu ya farfaɗo. In magani ya sa ta yi ta murɗawa ba hutu, yaro zai galabaita, ya shaƙe tun bai fito ba. In kuwa ƙugun uwa ya yi masa kaɗan, ko ya kwanta a gicciye, to kamar a ce ana tura kaya ta ƙofar da ke kulle ne, ƙarshenta mahaifa ta yage, jini ya ɓalle a ciki. A asibiti ma a kan sa ruwan naƙuda, amma ɗigo-ɗigo a ke ƙirga shi, ana sauraren bugun zuciyar yaro, da an ga alamar wahala sai a rufe. Abin da aka haɗiye fa, ta ina za a rufe shi?

Ungozomomin Turai ma sun yi nasu maganin naƙuda. Wata cuta ce ta hatsi, mai kama da burtuntuna, su kan niƙa ta su ba mai haihuwa. A 1808 wani likita a Amurka, John Stearns, ya rubuta yabonta, ya ce tana gaggauta haihuwa, likitoci suka rungume ta. Ba a jima ba aka ga jariran da a ke haifa matattu sun ƙaru, har a 1822 wani babban likita na birnin New York, David Hosack, ya ce garin nan da a ke kira na haihuwa ya fi dacewa a kira shi garin mutuwa. Amma ba a zubar da shi ba. Aka ci gaba da bincike, har a 1935 aka ware sinadarin da ke aikin, a Ingila da waɗansu wurare, aka san ma'auninsa, aka kuma gane lokacinsa: ba kafin yaro ya fito ba, bayan ya fito, domin ya matse mahaifa ya tsai da jini. Allurar argometirin ke nan, wadda ta ceci matan da ba su ƙidayuwa. Gari ɗaya ne, gwaji ne ya raba shi da kisa. Wa ya sani ko cikin ƙulle-ƙullen ungozomominmu akwai irinsa, yana jiran wanda zai auna shi?

Shi gwajin nan ba tsafi ba ne, ga yadda a ke yinsa. Da farko a tabbatar da itacen, gama suna ɗaya kan hau itatuwa biyu, itace ɗaya kuma Bakano ya kira shi daban, Basakkwace daban. Sa'an nan a haɗa shi yadda masu shi ke haɗawa. A kan yanki ɗan sililin naman mahaifar ɓera, a rataye shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi, a ɗiga maganin, wata na'ura tana zana ko ya murɗa ko bai murɗa ba. Bayan wannan a samo ɓeraye da zomaye masu ciki, a kasa su kashi-kashi, waɗansu a ba su kaɗan, waɗansu tsaka-tsaki, waɗansu da yawa, kashi ɗaya kuma a hana su sam, don a sami abin kwatantawa. A kan ba su ne a kwanakin da gaɓoɓin 'ya'ya ke tsirowa. Cikin ɓera mako uku ne, na zomo wajen wata guda, saboda haka ba a daɗe ana jira ba. Sai a ƙirga 'ya'yan, a auna nauyinsu, a duba zuciya da ƙoda, a rina ƙasusuwa a ƙirga su ɗaya-ɗaya. Da irin wannan aiki ne masu bincike a Singafo suka nuna a 2002 cewa farin ƙaron ɗanyar gwanda yana murɗa mahaifar ɓera, alhali nunanniyar gwanda ba ta yi wa cikin ɓerayen kome ba. Kun ga amfanin gwaji: bai hana gwanda ba, ya raba ɗanya da nunanniya.

Amma a nan ina da magana da malamanmu na jami'o'i. Ɓera ba mace ba ce. Mutum ya ba ɓeraye 'yan ƙalilan wani tsimi na 'yan kwanaki, ya ga ba wadda ta mutu, ya rubuta takarda ya sami ƙarin girma, gobe mai lasifika ya ɗauka yana shela wai "jami'a ta tabbatar", wannan ba bincike ba ne, ba da aron riga ne ga mai tallan da bai cancance ta ba. Dubi yadda aka yi da atimisinin, maganin zazzaɓin da Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar a ƙasar Sin a 1972 daga wani ganye dangin tazargade, wanda ya sa aka ba ta lambar Nobel a 2015. Da aka gwada shi kan dabbobi sai aka ga yana lalata ƙaramin ciki. Saboda haka aka yi shekaru ana kauce wa ba da shi a watanni uku na farko. Ba a ɗauki mata masu ciki an ɗura musu don gwaji ba, wannan ba ya halatta. Abin da aka yi, an bi matan da suka riga suka sha, da yawa ba su san suna da ciki ba, aka rubuta, aka jira haihuwa, aka kwatanta su da waɗanda suka sha kwinin. Sai da aka tara labarin ciki fiye da 34,000 daga Afirka da Asiya, sa'an nan a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ba masu sabon ciki haɗin nan da a ke sayarwa da sunan Coartem. Shekara 50 ke nan daga ganowa zuwa wannan izini. Kuma izinin na ƙwaya ne mai ma'auni, ba na dafaffen ganye ba. Mai lasifika kuwa cikin ƙiftawar ido ya ke ba da nasa izinin.

Kada a ce mu ba mu iya ba. A Abuja, cikin shekarun 1990, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta karɓi wani haɗi na gargajiya na ciwon sikila, wanda akwai masoro da kanumfari da karan dafi a cikinsa, ta auna shi, ta gwada shi kan marasa lafiya bisa ƙa'ida, ya fito da sunan Niprisan. In an yi wa sikila haka, me ya hana a yi wa magungunan da dubban mata masu ciki ke sha kowace safiya? A fara da waɗanda aka fi sha, a tafi wurin ungozomomi da masu magani da girmamawa, a rubuta sunan mai haɗi don kada a ci haƙƙinsa in abin ya yi kyau. Mai magani na gaskiya ba ya gudun awo. Wanda ya ce sirrin gidansu ne, ba ya faɗi, to ya riƙe sirrinsa, amma ya ƙyale matan mutane.

Ku kuma da Allah ya ba ku karatu, ku lura da kwalba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta kan ba maganin gargajiya lamba, kuma a jikin irin waɗannan kwalabe za ku ga an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance abin da mai maganin ya ce yana warkarwa ba. Lamba ba ta nufin an gwada shi kan ciki. Duba ko abu yana da guba ga babba aiki ɗaya ne, duba ko yana taɓa ɗan tayi wani aiki ne dabam, kamar yadda tumakin Aidaho suka nuna.

Ma'aikatan asibiti su ma suna da nasu kason. Mace ta zo awo, a tambaye ta ko ta sha wani abu a gida, in ta ce i a hau ta da faɗa gaban jama'a, gobe wa zai sake faɗin gaskiya? Da haka a ke binne shaidar da a ke nema. Kamata ya yi katin awon ciki ya zama da gurbin rubuta abin da aka sha, da sunansa na Hausa, da watan da aka sha shi, a tambaya cikin sakin fuska kamar yadda a ke tambayar haihuwa ta nawa. In an yi haka a asibitocin jiha guda na 'yan shekaru, za a tara abin da ungozoma dubu ba su iya gani ba.

Kafin wannan ya samu, maigida, aikin yana hannunka, gama sau da yawa kai ke sayo ƙullin, ko mahaifiyarka ta aiko da shi kana jin nauyin ka ce a'a. Daga ranar da iyalinka ta ga batan wata, a jingine duk wani jiƙo da tsimi da ba a san cikinsa ba, na gida da na kemis duka, sai an tambayi ma'aikacin lafiya. In zazzaɓi ya kama ta a kai ta a auna jini, domin zazzaɓin cizon sauro shi kansa yana zubar da ciki, barinsa ba magani ba dabara ba ce. In kuwa an riga an sha, ka ɗauki alƙalami ka rubuta sunan abin, da ranar, da yawan da aka sha. Ran da naƙuda ta tashi, ka sa takardar da sauran ƙullin cikin kayan haihuwa, a miƙa wa ungozomar asibiti tun a bakin ƙofa, kafin ta ɗaura ruwa.